Wasiƙar Godiya Ga Ofishin Reluwe Na Shiyyar Arewa, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Manajan Shiyya, tare da ɗaukacin ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da ke nan Zariya, manya da ƙanana. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya.

Ni ɗanku ne, haifaffen Tudun Wada, ɗaya daga cikin yaran da suka nemi aikin sigina, wato ba jirgin ƙasa alamar tsayawa ko wucewa, Allah Ya nufa aka ɗauke su aka horar da su. Makon jiya aka sa mini hannu a takardar da ta ba ni izinin riƙe aiki ni kaɗai, ba tare da wani babba ya tsaya a kaina ba. Da na kai wa mahaifiyata, ta juya takardar gaba da baya, ta ce, "To, ka yi wa mutanen nan godiya?" Na ce na yi. Ta ce godiyar cikin ofis daban, wadda jama'a za su ji daban. Dalilin wannan wasiƙa ke nan. Ba zan kama sunan kowa ba, don na san waɗanda nake nufi ba masu son a yi ta nuna su ba ne, amma kowa zai gane kansa.

Yadda na fara shigowa harabarku ba da farin ciki ba ne. Bayan na gama difloma a Kwalejin Nuhu Bamalli na daɗe ina zaune, sai ɗan aikin gyaran waya da nake taɓawa a shagon wani yayana a Sabon Gari. Ana nan wani mutum ya same ni ya ce yana da hanya, akwai gurbi, in kawo kafin alƙalami. Ba ni da uwa a gindin murhu, sai na ga kamar ƙofar ke nan ta buɗe. Inna ta kwashi adashinta ta ba ni. Tun ranar da kuɗin suka shiga hannunsa wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Shi ne na wanke ƙafa na zo ofishinku in tambaya ko sunana ya fito, alhali zuciyata ta riga ta ba ni amsa.

Baba mai gadi ne ya fara ganin halin da nake ciki. Ya jawo mini benci, ya miƙo mini ruwa, sannan ya nuna mini ƙofar ofishin ma'aikata. A can na tarar da wata Hajiya mai gilashi, takardu jibge a gabanta. Ta saurare ni har na kai aya, ba ta katse ni ba, ba ta kuma yi mini dariya ba. Ta ce, "Ɗana, wanda duk ya ce ka kawo kuɗi a ba ka aiki, ba namu ba ne. Ka jira sanarwar hukuma, ka nema da hannunka." Daga nan ta ce in ba ta takarduna ta gani. Cikin 'yan mintuna ta gano abin da ni ban taɓa lura da shi ba: yadda aka rubuta sunan mahaifina a takardar haihuwa ya saɓa da na takardar sakandare da harafi ɗaya. Ta ce in je kotu in yi takardar rantsuwa tun kafin lokaci ya ƙure. Hajiya, da ba ki duba ba, da harafin nan guda ya mayar da ni gida. Allah Ya duba miki naki 'ya'yan.

Da sanarwa ta fito na cike, na rubuta jarrabawa, na shiga intabiyu. Waɗannan duk mai neman aiki ya san su. Abin da ban zata ba shi ne gwajin likita zai fi su ɗaga mini hankali. Bayan awon ji da na gani, sai aka buɗe mana wani littafi mai shafuka cike da ɗigo-ɗigon launi, a ce ka faɗi lambar da ke ɓoye a ciki. Wanda ke gabana, yaro mai ƙoƙari ƙwarai, ya zura wa shafi ido ya ce shi bai ga komai ba. Ashe tun haihuwa ba ya rarrabe ja da kore sosai, bai kuma taɓa sani ba. Na ji likitan yana yi masa bayani a hankali, cewa abin ya fi samun maza, ba laifinsa ba ne, kuma akwai ayyuka da yawa da zai iya, amma ban da wanda rayukan mutane suka rataya a kan launin fitila. Na tausaya masa har zuciya. Yau da na san aikin, na san likitan ya yi masa gata, ya yi wa fasinjoji gata.

Sai horo. A nan ne nake son in daɗe, don a nan ne bashin da ke kaina ya fi nauyi.

Malaminmu dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, duk muna ce masa Baba. Ranar farko ya tambaye mu, "Mene ne aikin ɗan sigina?" Muka haɗa baki, "Ba jirgi hanya, Baba." Ya girgiza kai. Ya ce, "Jirgi kullum a hane yake. Kai ne za ka nemo hujjar sakinsa. In ba ka samu ba, bar shi ya tsaya, ko da gwamna ne a ciki." Ya ce mu tuna direban jirgi ba shi da sitiyari, inda dogo ya kai shi nan zai je. Ƙafar jirgi ƙarfe, hanyarsa ƙarfe, santsi a kan santsi, ga nauyin taragai a baya, don haka jirgi mai gudu yana iya cin fiye da kilomita guda bayan an taka birki kafin ya tsaya. Kafin direba ya hango matsala da idonsa, aikin gama ya gama. Idonsa na nesa shi ne mu.

Daga nan ya gina mana komai a kan doka ɗaya: an yanka layi gunduwa-gunduwa daga tasha zuwa tasha, kuma jirgi ɗaya ne tak zai kasance a cikin gunduwa ɗaya a lokaci ɗaya. Tsohon layinmu kuwa mafi yawansa ƙwaya ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi, sai a tasha suke kauce wa juna. Saboda haka kafin ka saki jirgi sai ka nemi tasha ta gaba, ta tabbatar maka wanda ya gabata ya iso cikakke, har da alamar da ke jikin taragon ƙarshe, don kar a ce wani tarago ya tsinke ya zauna a daji. Sannan direba ya karɓi shaidar izini a hannunsa, sanda ce ko rubutacciyar takarda, mai ɗauke da sunan gunduwar da zai shiga.

Baba ya ba mu labarin wata ƙaramar tasha a yankin Wels na Birtaniya, Abamiyul, a shekarar 1921. Ma'aikatan tashar suka ruɗe a tsakaninsu, aka mayar wa direba shaidar da shi kansa ya sauke yanzun nan, ta gunduwar da ya baro. Wanda ya miƙa bai karanta ba, wanda ya karɓa bai karanta ba. Jirgin ya fita ya yi gaba da gaba da wani mai tahowa, mutum 17 suka rasu. Na'urar da ke fitar da shaidar lafiyarta ƙalau, mutane ne suka ɗauka wani ya riga ya duba. Wani a cikinmu ya ce, "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci kamar ranar ba. Ya ce, "Ƙaddara gaskiya ce. Amma Allah zai tambaye ka ko ka karanta abin da ke hannunka."

Abin da ya fi burge ni a sana'ar nan shi ne yadda magabata suka gina ta da sanin cewa ɗan Adam ajizi ne. Libobin ƙarfen da ake ja don sauya layi da ba da sigina a sarƙe suke da juna ta ƙarƙashi. In ba ka daidaita masauyin layi ka kulle shi ba, libar sigina ba za ta motsa ba ko da ƙarfinka ya kai na sa. In kuma ka ba jirgi hanya, ba ka isa ka sauya layi a ƙarƙashinsa ba. Hannun sigina na gargajiya idan ya miƙe a kwance, tsaya ke nan, kuma an yi masa nauyin da in wayar da ke jansa ta tsinke zai koma kan tsaya da kansa. Haka na zamani: ana sakar wa dogo wutar lantarki 'yar kaɗan, da ƙafafun jirgi sun hau sai su haɗe dogayen biyu, allo ya nuna akwai jirgi a wurin. In waya ta katse ko wuta ta ɗauke, nan ma abin da zai nuna ke nan, fitila ta koma danja. Irin wannan lalacewa, tsayawa take haifarwa. Ni da na fito daga gyaran waya, ranar da na gane wannan hikima kasa barci na yi don daɗi.

Sai littafin rajista, wanda Baba ke kira shaidarka ta duniya. Lokacin da ka nemi hanya, lokacin da aka ba ka, lokacin da jirgi ya tashi, lokacin da ya isa, kowanne a rubuta shi a minti ɗin da ya faru, da biro, ba kankarewa. Magana a tarho ko oba-oba kuwa sai ka faɗi ko kai wane ne da inda kake, wanda ya ji ya maimaita maka kalma bayan kalma.

A nan na faɗi gwajina na farko. An kwaikwayi isowar jirgi, wanda ke matsayin tasha ta gaba ya ce mini hanya a buɗe take, ni kuma don na ji shi sarai ban maimaita ba, na kai hannu ga liba. Baba ya dafa hannuna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ka dawo bayan mako biyu." Na roƙe shi, na ce kuskure ɗaya ne. Ya ce ya sani. Na fita ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ban manta ba, washegari bayan la'asar, lokacin da ya kamata ya tafi gida, ya aiko a kira ni. Muka zauna mu biyu, shi yana zama tasha ta gaba, ni ina nema, ina maimaitawa, har aka kira magariba. Haka muka yi kusan kullum har mako biyun suka cika. Ko shayi bai taɓa yarda na saya masa ba. Ranka ya daɗe, in akwai wata hanya da hukuma ke karrama irin waɗannan bayin Allah kafin su ajiye aiki, ina roƙon a tuna da shi.

Ina kuma gode wa shugaban tashar da na yi zaman koyo a ƙarƙashinsa, da masu sauya layi da masu duba dogo da ƙafa. Lokacin hunturu na yi zamana, kuma kowa ya san sanyin Zariya da hazonta. Akwai asubar da fitilar da ke 'yan taku kaɗan ma da ƙyar ake ganinta. Wani dattijo mai sauya layi ya ɗauki fitilar hannu ya ce in biyo shi, muka taka har wurin masauyin, ya haska, ya sa ni na duƙa na ga da idona cewa harshen ƙarfen ya manne da dogo, ba tsakuwa a tsakani. Ya ce, "Yanzu je ka rubuta." Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mu kuwa Zazzagawa ba a ba mu labarin tsawon rimi.

Wata rana ina tsaye a dandamalin tasha na tuna kakana, wanda ya yi leburanci a nan yana loda dilolin auduga. Dogon da ya taso daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Daga nan Zariya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Gari kansa albarkacin tashar nan ya tashi. Yau jiragen tsohon layi ba su kai na zamanin kakana yawa ba, kuma abokaina sukan tambaye ni me zan yi da sana'ar da ta tsufa. Nakan ce musu su duba layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin milimita 1,435 a maimakon 1,067 na tsohon, su duba na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ta ƙasar Zazzau zai wuce. Can allo ne da kwamfuta a madadin liba, amma dokar Baba ita ce dai a ciki. Ga kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a hanyar Basawa tun 1986, a bakin ƙofarmu, inda nake da niyyar neman ƙarin karatu in Allah Ya ba ni iko.

Roƙona guda, ranka ya daɗe: duk sa'ad da za a ɗauki ma'aikata, a taimaka a yawaita sanarwa da Hausa a gidajen rediyo, a faɗa ƙarara cewa ba a biyan ko sisi. Akwai iyaye mata da yawa a Tudun Wada da Tudun Jukun da cikin Birni masu adashi irin na Inna, kuma masu farautarsu ba su yi barci ba.

Inna ta ce in gaishe da Hajiya ta ofishin ma'aikata da kyau, in kuma gaya wa Baba malaminmu cewa tana sa shi a addu'a bayan kowace sallar asuba. Albashina na farko in ya shigo, adashinta zan fara mayar mata.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare jiragenmu da mutanen da ke cikinsu, amin.

Naku ɗa,
Sabon ma'aikacin sigina,
Tudun Wada, Zariya.