Tambaya ga masu sabon maguzancin Ingila

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari rahotonku kan dubban Turawan da ke kwana a duwatsun Stonehenge, kudancin Ingila, a watan Yuni, suna kiɗa ganguna, wasu da rawanin ganye a ka, suna jiran rana ta ɓullo. Wakilinku ya ce wai sun koma addinin kakanninsu. A nan nake da ja.

Waɗanda suka kafa duwatsun nan shekara kusan 4,500 da suka wuce ba su bar ko harafi ɗaya ba game da abin da suke bautawa. Shi kuwa Wicca, wanda ya fi suna cikin tafarkan sabon maguzancin nan, wani Baturen Ingila mai suna Gerald Gardner ne ya fito da shi fili a 1954, shekara uku bayan an soke dokar hana maita a Birtaniya. Addinin kakanni da bai kai kakata shekaru ba! Duk da haka sabon maguzancin yana samun mabiya: a ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales mutum kusan 74,000 suka ce su maguzawa ne, alhali a 2011 kusan 57,000 ne.

Babbar ƙa'idar 'yan Wicca ita ce, in dai ba ka cuci kowa ba, yi abin da ka ga dama. Daɗin ji gare ta. To amma wa zai ce ka cuci wani? Kai da kanka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Magidancin da ya watsar da iyalinsa ya bi son ransa ma zai rantse bai cuci kowa ba.

Na tashi da maƙwabta Maguzawa a ƙauyenmu. Ban yarda da bautarsu ba, amma ba mutanen "yi abin da ka ga dama" ba ne. Bamaguje bai zaɓi kan gidansa, wato abin bautar zuriyarsa, a littafi ba, gado ya yi. Dabbar da aka hana shi ci ba ya ci ko yunwa za ta kashe shi, kuma in ya karya alkawari dattawa na nan suna jiransa. Ina zargin abin da ke jan Bature zuwa sabon maguzancin shi ne babu dattijon da zai ce masa kul.

Son da Turawan nan suke wa daji da ruwa, wannan kam na yaba musu.

Don Allah ku gayyato ɗayansu cikin shirin, ku tambaye shi wa ke tsawata masa in ya yi kuskure.

Naku,
Mai sauraronku daga Katsina