A bar barewa ta hayayyafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Tudun Wada, kusa da dajin Falgore. Muna yara, barewa kan shigo mana gonar wake da asuba, amma jikokina ba su taɓa ganinta ba sai da na kai su Gidan Zoo na Audu Bako da sallar bara. Ƙaramarsu ma ta ce akuya ce ta rame.

Roƙona ga masu kula da gidajen namun daji shi ne su riƙe barewa da gada da gwanki don haihuwa, ba don kallo kawai ba. Barewa tana ɗaukar ciki kusan wata 6, kuma yawanci ɗa ɗaya take haifa, don haka garke ba ya cika da wuri. A ware namiji ɗaya da mata da yawa, domin maza biyu a shinge ɗaya sai karo. A riƙa musayar namijin da wani gidan, kamar yadda Fulani ke canza bijimi kada jini ya yi kusa. Kuma a rage ihun 'yan kallo. Barewa idan ta firgita wayar shinge take yi wa karo har ta karya wuya. Abincinta ma muna da shi: 'ya'yan gawo da harawa.

A Chadi, tun 2016 ake sakin wasu dabbobin dawa da aka kiwata a killace. Falgore ma zai iya karɓar namu, idan an fara shawo kan mafarauta.

Naku,
Wani manomi,
Tudun Wada, Jihar Kano