Malam Edita, a ja kunnen masu babur kan ruwan birki

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya kuma zafi. Ni makaniken babura ne a nan Damagaram, rumfata tana Zango, kuma tun ina yaron shago mai wanke noti da kananzir nake cikin wannan sana'a. Ban saba rubuta wa jarida ba, abin da ya faru makon jiya ne ya hana ni barci shi ya sa na ce bari in rubuto ko Allah zai sa wani ya karanta ya tsira.

Ɗan yayata yana kabu-kabu. Ya ɗauko wata baiwar Allah da goyonta daga Miriya za su shigo gari, sai amalanken jaki ya faɗo musu kan titi, ya kama birkin gaba, hannun birkin ya tafi salin alin har ya taɓa robar hannu babu abin da ya riƙe. Allah ne ya kiyaye, ya taka na baya ya karkata cikin yashi, shi ya kurje gwiwa da gwiwar hannu, matar da jaririn ko ƙwarzane babu. Da ya turo mini babur ɗin na kwance murfin ɗan kwanon ruwan birkin nan da ke kan hannun dama, wallahi Malam Edita abin da na gani ya tayar mini da hankali. Ruwan ya yi baƙi ƙirin da kauri, robar da ke ƙarƙashin murfin ta kumbura ta yi laushi har ba ta komawa mazauninta. Na ce kai yaro me aka zuba a nan? Ya ce kawu kwanaki na ga ya yi ƙasa, wani mai gyara a bakin hanya ya ce mai ai mai ne, ya ɗiga mini na inji. Ba zan faɗi wurin ba don ba tonon asiri na zo yi ba, shi ma rashin sani ne, kuma irinsa suna da yawa.

Ina ganin sunan ne ma yake rikita mutane, tunda wasu man birki suke cewa, mu kuma nan likid muke cewa. To wannan ruwa ba dangin man inji ba ne ko kaɗan. Robobin da ke cikin famfon birki an yi su ne don su zauna da shi kaɗai, man inji ko man giya yana taɓa su sai su kumbura, su toshe ɗan ramin da ruwa ke komawa kwano, ko su saki gaba ɗaya. Wani birkinsa ya riƙe taya ya ƙi saki, wani kuma ya kama ya ji wayam kamar yadda ya faru da yaron nan. Kuma in an riga an zuba, zubarwa a sake sabo ba ya magani, dole a kwance komai a canza robobin duka har da tiyo. Abin da kwalba ɗaya za ta yi masa sai da ya ci kuɗin aikinsa na kwanaki.

Duk mai babur mai faifan birki a tayar gaba ya duba saman murfin nan, akwai rubutu, yawanci DOT 3 ko DOT 4 ne. Abin da aka rubuta shi za a zuba. DOT 4 sabo fil ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, DOT 3 kuma 205. Amma halin ruwan nan shi ne yana shan danshi daga iska, a hankali a hankali ta cikin tiyo da gefen murfi, kuma in ya sha ruwa kamar kashi 3 da ɗoriya cikin 100, DOT 4 yana tafasa tun a digiri 155, DOT 3 kuma 140. Za a ce ai mu ƙasarmu busasshiya ce, ina danshin yake? Akwai damina, Yuli da Agusta iska cike take da danshi, akwai masu wankin babur da ke feshe kan hannu da ruwa mai ƙarfi, akwai kuma kwalbar da aka buɗe aka ajiye a shago wata shida ana tsiyayar wa mutane kaɗan-kaɗan. Gaskiya ba mu da dogon gangare irin na ƙasashen tsaunuka, amma mu dubi lodin da muke yi wa baburan nan, buhu biyu na hatsi da mutum a kai ranar kasuwa, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga kama birki kowane taku a cunkoson Kasuwar Dole. Ruwan da ke ciki in ya tafasa ya zama tururi, shi kuma tururi matsuwa yake yi kamar soso, sai ka ja hannu ƙarfin bai isa taya ba. Ko bai tafasa ba danshin yana sa tsatsa a fistan. Shi ya sa masu ƙera baburan galibi suke cewa a canza shi duk shekara 2. Ni kuwa na sha karɓar babur mai shekara biyar da ruwan da ya zo da shi daga kamfani, mai shi kuma duk mako biyu yana canza man inji bai taɓa fashi ba.

Akwai kuma DOT 5, a yi hattara da shi, na silikon ne ba ya haɗuwa da sauran. DOT 5.1 kuwa duk da sunan ya yi kama, dangin 3 da 4 ne.

Cire iska ba wani aikin wahala ba ne, haƙuri kawai yake so, kuma a nan ne yaran shago suke gaggawa. Ni yadda nake yi, sai in kafa babur a tsaye, in juya kai har kwanon ya daidaita, in goge ƙurar da ke kewaye da murfin tukuna don ƙurar hunturun nan tamu in ta shiga ta gama da robobi. In rufe tanki da tsumma mai jiƙe saboda ruwan birki yana cin fenti. Sukurorin murfin nan biyu kansu saurin lalacewa gare shi, a danna sukundireba sosai kafin a juya. A ƙasa jikin abin da ke matse faifai akwai ɗan noti mai rami a tsakiya da ƴar hular roba, yawanci sufana lamba 8 ce ke kama shi. Sai in sa masa siririn tiyo fari wanda ake ganin ciki, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan ruwan birki a gindi. Yaro ya matsa hannun birki sau uku ko huɗu ya riƙe, in buɗe notin kaɗan, ruwa ya fito da kumfa, in rufe, sannan ya saki. Sai na rufe zai saki, wannan ita ce maganar gaba ɗaya, don in ya saki noti na buɗe iskar da muka fitar ce za ta koma. Haka za mu yi ta yi ina leƙa kwano ina ƙarawa kada ya ƙafe, in ya ƙafe an koma farko. Ana gamawa ne lokacin da ruwan da ke bin tiyon ya fito fari tas kamar sabo babu ko ƙwayar kumfa, hannun kuma ya yi tauri tun kafin ya kai rabi. In ya ƙi tauri akwai iskar da ta maƙale a sama wajen notin tiyo, sai in ɗan ƙwanƙwasa tiyon da gindin sufana, in ɗaure hannun birkin da roba ya kwana a matse, da safe sau da yawa za ka ga ya gyaru. Kada ruwan ya ɗiga kan faifai ko takalmin birki, in ya jiƙa takalmin sai dai a canza.

Wani abu da mutane ba su lura da shi ba, in ruwan ya yi ƙasa a hankali ba tare da yoyo ba, yawanci takalmin birki ne ya cinye, fistan ya fito waje ruwa ya bi shi. To a duba takalmin kafin a ce a ƙara. Da mai gyaran nan ya duba na ɗan yayata da ya ga saura kamar takarda.

Maganar kuloci kuwa, wanda muke cewa ambiriyaj, yawancin baburanmu na kabu-kabu waya ce ke jan sa, babu ruwansu da wannan. Amma manyan baburan da ke shigowa yanzu, irin na ma'aikatan da ke shiga daji da na samari masu hali, wasu kulocinsu na ruwa ne, kwanonsa yana hannun hagu. Alamar iska a cikinsa ita ce giya ta riƙa ƙara in za ta shiga, babur ya riƙa jan jiki alhali ka kama kuloci, furi ta yi wuyar samu. Cire iskar kusan ɗaya ne da na birki, sai dai ni na fi jin daɗin turo ruwan daga ƙasa da babban sirinji, tunda iska dama sama take son tafiya. A nan ne kuma ake yin kuskure mafi tsada, domin wasu kulocin, kamar na kamfanin Magura da ke kan wasu KTM, ba DOT suke sha ba, wani mai ne na musamman, in ka zuba musu ruwan birki ka kashe robobin. Murfin dai za a karanta. Kuma kada a cika kwanon kuloci fal, shi nasa ruwan hawa yake yi yayin da faifan kuloci ke cinyewa, in babu wuri sai kulocin ya fara zamewa.

Roƙona Malam Edita, ku taimaka ku buga wannan, gidajen rediyonmu na Damagaram su ma su ɗauka su faɗa da Hausa a shirye-shiryensu na safe lokacin da ƴan kabu-kabu ke saurare. Shugabannin tashoshin kabu-kabu su riƙa duba hannun birkin yaransu kamar yadda suke duba takardu. Ƴan uwana masu sayar da kayan gyara, don Allah a daina tsiyayar ruwan birki daga buɗaɗɗiyar kwalba, a kawo ƙanana masu hatimi. Mu kuma makanikai mu zaunar da yaranmu mu koya musu, ni na fara da nawa guda uku tun ranar da abin nan ya faru, kowanne sai da ya cire iska da hannunsa ina tsaye a kansa.

Ɗan yayata ya koma aiki shekaranjiya da sabbin robobi da sabon tiyo, na kuma rubuta masa watan da aka zuba ruwan da fenti a cikin murfin akwatin batir don kada a manta.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarku.

Naku,
Makaniken babura, Zango, Damagaram