Masu kiran juyin juya hali su karanta labarin har ƙarshensa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta yi yawa a bakin matasanmu a nan Abuja, daga teburin mai shayi har shafukan sada zumunta, wai ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an yi wa manya irin abin da Faransawa suka yi wa sarkinsu. Na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma abin da ke damuna shi ne yawancin masu wannan magana farkon labarin kaɗai suka sani.

Ba na musun cewa talakan Faransa yana da hujja. Shi ke ɗauke da nauyin haraji alhali an sauƙaƙa wa masu sarauta da manyan coci, bashi ya yi wa baitulmali katutu, ga tsadar burodi bayan amfanin gona ya lalace a 1788. Ranar 14 ga Yuli 1789 mutanen birnin Faris suka fasa kurkukun Bastil, a watan Janairu 1793 aka sare kan Sarki Luwis na 16, matarsa kuma ta bi shi a watan Oktoba. To amma wuƙar ba ta koma kube ba. A zamanin da ake kira mulkin firgici an zartar wa mutum kimanin 17,000 hukuncin kisa, kuma mafi yawansu manoma ne da leburori da masu ƙananan sana'o'i, wato mutanen da aka ce domin su aka tayar da ƙurar. Danton, wanda yana cikin jagororin tafiyar, abokansa ne suka kai shi ga mai sara a watan Afrilu 1794, shi kuma Robespiyer da ya amince da hakan bai ƙara wata huɗu a duniya ba aka yi masa irinta. Zuwa 1804 Napoliyon ya naɗa wa kansa kambi, Faransa ta sake samun mai mulki shi kaɗai.

Labarin Habasha ya fi taɓa mini zuciya, domin a nahiyarmu aka yi shi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka gani suna raye. Yunwar da ta hallaka dubban mutane a yankin Wollo a 1973, wadda fada ta yi ta rufa-rufa a kanta, ita ta zubar da kwarjinin Sarki Haile Selassie, har sojoji suka tuɓe shi a watan Satumba 1974. Ba a yi wata uku ba suka harbe manyan jami'ai kusan 60 a dare ɗaya ba tare da shari'a ba. Adalci ne a faɗi cewa dokar ƙasa ta 1975 ta raba manoma da bautar masu gonaki, kuma wannan alheri ne na gaske. Sai dai gwamnatin Mengistu Haile Mariam ta juya kan ɗaliban da suka yi zanga-zangar kawar da sarkin, aka kashe dubbai a titunan Adis Ababa, har akan nemi iyaye su biya kuɗin harsashi kafin a ba su gawar ɗansu. Mengistu ya tsere zuwa Zimbabuwe a 1991, kotun ƙasarsa kuma ta same shi da laifin kisan ƙare dangi a 2006. A ganina, daren da aka harbe mutum sittin ɗin nan ba a kai su gaban alƙali ba, a daren ne kowane ɗan Habasha ya rasa kariyarsa.

Mu ma nan muna da namu tarihin, kuma sunan birnin da nake rubutu daga cikinsa shaida ne, tunda Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau da jihadi ya fitar daga Zariya, shi ya kafa tsohuwar Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi ne kan zaluncin sarakunan zamaninsa, da haraji marar tushe da ƙwacen dukiyar talakawa. Duk da haka ƙaninsa Malam Abdullahi, tun ana tsakiyar yaƙi, ya ga wasu mabiya sun fara karkata ga neman mulki da dukiya, abin ya dame shi har ya bar runduna ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda mai mulki zai yi adalci. Idan tafiyar da malamai irin waɗannan suka jagoranta ta gamu da wannan jarrabawa, ina ga wadda fushi kaɗai ke ja?

Akwai wata hanyar da iyayenmu suka bi wadda ba a cika ba matasa labarinta ba. 'Yan NEFU, tun kafa jam'iyyar a Kano a 1950, sun sha ɗauri da bulala a hannun hukumar En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta, Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba da mabiyansu suka jure, suna wa'azi da zaɓe da rubutu. Sannu a hankali aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba su da ikon zartarwa, a 1979 kuma gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ina roƙon jaridarku ta nemi dattawan da suka ga wannan zamani, tun suna da rai da tunani, ta buga abin da suka gani da bakinsu.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin tarihi,
Kubwa, Abuja.