Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Tarbiyyar Matasa, Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu masu ba ƙungiya shawara, malamanmu, Malam Shugaba da 'yan kwamiti, 'yan uwa maza da mata, ga rahoton bana. Tun watan jiya ya kamata ya iso gare ku, amma ba a rufe lissafi alhali ana dakon masu cewa "gobe in sha Allahu zan turo". Mun jira, gobensu ba ta zo ba, muka rufe a haka.

Muna yi wa 'yan uwan da suka yi rashi a cikin shekarar ta'aziyya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kyautata namu ƙarshen.

Taron wata-wata an yi shi, ban da na watan azumi da wanda ya faɗo makon Babbar Sallah. Karatun Asabar da Lahadi bayan La'asar bai tsaya ba: ƙanana sun kammala Ahalari sun shiga Ishmawi, manya suna tsakiyar Arba'una Hadisi. Buɗe-bakin matasa ma an yi, kamar bara.

Kuɗin wata kuwa, waɗanda suka biya shekarar cif ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba, kuma su ne dai suka biya bara da bara waccan. Akwai masu bashin shekara biyu. Akwai wanda tun ranar da ya cike fom ba mu sake ganin ƙeyarsa ba, amma da an sa sanarwa a zauren WhatsApp shi ne farkon buɗewa. Mun buɗe asusun banki saboda masu cewa ba sa yawo da tsabar kuɗi, sai uzurin ya koma "ba sabis". Malam Ma'aji ya bi mutane gida-gida daga Mabera har Runjin Sambo, da man babur ɗinsa, abin da ya fi dawowa da shi shi ne "sai albashi ya shigo".

Mun san halin da ake ciki, kasuwa ɗaya muke zuwa cefane. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, amma kuɗin watanmu bai motsa ba, kuma bai kai abin da mutum ke zubawa a datar waya cikin mako ɗaya ba. Wanda ba shi da hali ya samu Shugaba a asirce, za a yafe masa. An yi wa wasu, ba wanda ya ji. Masu hali ne ke ƙona rai. In an ɗauko zancen lalacewar yara a zaure, kowa malami ne, kowa ya iya cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a yi ta turo bidiyon TikTok ana salati. Malaman da ke zama da yaran kuwa, a tsakiyar shekara alawus ɗinsu ya maƙale, sai da biyu daga cikin iyayenmu suka ciro daga aljihunsu. Sun hana a faɗi sunansu. Allah ya san su.

Masu tambayar ina kuɗin ke tafiya, littafin Ma'aji a buɗe yake: alawus, man janareta, alli, tabarmi, ruwan leda, hayar mota. Kowanne da rasit ɗinsa.

Abin da ya sanyaya mana rai a bana shi ne makarantar hutu ta watan Agusta. Da safe hadda da tajwidi, da hantsi ladubba: sallama, neman izini kafin shiga gidan mutane, gaida babba, riƙon amana, mayar da canji in an aike ka. Malamai suka ce a ajiye littafi, kowane yaro ya ɗauki buta ya yi alwala a gabansu. A nan muka ga abin da ba mu zata ba. Samari 'yan aji uku na babbar sakandare, masu shirin zana jarrabawar fita, wasunsu ba su iya kawo farillan alwala bakwai ba, wasu ba su san inda ake ƙabli da inda ake ba'adi ba. Ba a kunyata kowa ba, an ware su gefe an koya musu. Kafin a rufe, su ke gyara wa ƙannensu.

Ranar ziyara ita ce ta fi. Da aka ce za a kai yara Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wasu iyaye sun ja baya, kuma kun san ƙungiyar nan ta tara masu fahimta daban-daban. Baba Liman ya tara su ya ce sallama za a yi, a yi wa mamata addu'a, a tuna mutuwa, a ji tarihi, ba a roƙon kowa sai Allah. Kowa ya yarda, har wasu daga cikin masu ja da bayan suka biyo mu. Ba a yi ko musu ɗaya ba. Wanda ya san yadda tarurrukanmu kan kaya in an taɓo irin wannan zance ya san ba ƙaramin abu aka samu ba.

Yara ne haifaffun Sakkwato, da yawansu ba su taɓa shiga Hubbare ba, ko da yake suna wuce shi a kan babur. Malamin da ya ba da tarihi bai tsaya kan yaƙe-yaƙe ba, shekarun mutanen ya riƙa ƙirga musu. An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754, ya fara wa'azi yana da shekara ashirin ko kusa da haka. Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ɗansa Muhammadu Bello shekararsa 23 ko kusa da haka, kuma bai cika talatin ba ya kafa garin nan a 1809. Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Sai Malam ya juya ga manyan samarin yana tambayar kowa shekarunsa. Ɗaya ya ce goma sha tara, Malam ya ce to saura shekara ɗaya ka fara wa'azi, ina ka kai a Ishmawi? Dariya ta ɓarke, har shi yaron. Tun daga ranar bai sake fashin karatun Asabar ba.

'Yan mata suka ƙwace sauran lokacin da tambayoyi a kan Nana Asma'u. Suka ji tana da shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka aka yi hijira da ita, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa wa jagororinsu da ake kira jajis malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata, har ta rasu a 1864. Malama ta ce ba ta taɓa ganin 'yan ajinta sun riƙe biro ba tare da an ce su rubuta ba sai ranar.

Daga nan muka wuce gidan tarihi na Waziri Junaidu, yara suka ga tsofaffin littattafai rubutun hannu. Wani abu ya fito fili: waɗanda suka yi makarantar allo suna iya tsintar kalmomi a irin wannan rubutu, waɗanda Islamiyya kaɗai suka yi, suka saba da bugun zamani, sai kallo. Kwamitin ilimi ya ɗauki wannan, kuma shawararsa ita ce a shigar da rubutun allo da ajami cikin karatun Lahadi.

Muka rufe da 'yar musabaƙa, izu biyu da izu goma. Ba abin mamaki ba ne a garin nan, tunda musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa ma a nan aka fara ta a 1986, a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar da yanzu ake kira Usmanu Ɗanfodiyo. Yarinya ce ta zo ta ɗaya a izu goma, mahaifinta kuwa yana tsaye a baya yana share hawaye da hannun riga. Iyayenmu mata sun kwana suna suyar masa, wata Hajiya ta aiko da fura da nono, wani ɗan uwa ya ba da rumfa da kujeru kyauta. Allah ya saka. Ranar kam membobi sun cika, har da waɗanda muka daɗe muna nema, kuma su ne a sahun gaba wajen ɗaukar hoto.

Ɗakin karatu yana nan inda kuka san shi, a linta, damina ta sake wucewa ta kansa. Ana ta cewa kwamiti ya yi sakaci. A duba takardar alkawuran ranar ƙaddamarwa, a duba abin da ya shigo hannu, sannan a je a tambayo kuɗin buhun siminti da bandir ɗin kwano. Da abin da ya shigo aka kai ginin inda ya kai. Littattafan da aka ba mu sadaka suna cikin kwalaye a zauren Shugaba, kullum yana ɗaga su saboda gara.

Ajin 'yan mata na yamma ya tsaya tun bayan hutu. Malamarsu ta yi aure ta bar gari, Allah ya ba da zaman lafiya. Mun samu wadda za ta maye gurbinta, amma ba za mu ɗauko 'yar mutane ba alhali ba mu da tabbacin ko kuɗin motarta. Wannan ya fi ɗakin karatu damuna. A littafinsa Nurul Albab, Shehu da kansa ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Mun kai yaran nan sun ji labarin Nana Asma'u, mun dawo mun rufe musu aji.

Taron faɗakarwa kan shaye-shaye bai yiwu ba. An so a gayyato likita da jami'an hukumar NDLEA, domin duk da an hana maganin tari mai kodin tun 2018, kowa ya san ƙwaya da sholisho ba su bar lungunanmu ba. An naɗa ƙaramin kwamiti, bai zauna ko sau ɗaya ba, takardar gayyata ma tana nan a fayil ba a kai ba. 'Yan kwamitin sun san kansu. Tafiyar Degel da Wurno kuma iyaye ne suka ce a dakata saboda halin tsaro a hanyoyin karkara, kuma mun goyi bayansu.

Babban taro Lahadi ta biyu a watan Janairu, bayan La'asar, inda aka saba. Za a karanta sunayen masu bashi, a yanke hukunci kan waɗanda suka haura shekara kamar yadda tsarin mulkinmu ya tanada, a tsayar da alawus ɗin malamar 'yan mata, sannan a yi zaɓe. Ni dai ba zan sake tsayawa ba, kada a sa sunana. Wanda ya biya ta banki ya zo da shaidar biya.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamiti.