Wasiƙa daga Kaduna, labarin bais ɗina

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali, ya ruwan saman Fatakwal da baya ƙarewa? Mu nan lafiya lau alhamdulillah, hunturu ya shigo, ƙura ko ina. Kace in baka labarin abinda ya ɓoye ni kwana biyu, to wallahi ba komai bane illa bais, eh bais ɗin nan dai na matse ƙarfe da ake ɗaurewa a kan tebur a gareji. Tara su nakeyi yanzu, uwargida har ta gaji tace na maida mata shagon gida bola.

Kasan Panteka ai, kasuwar nan ta tsofaffin ƙarafa, duk abinda ya mutu a garin nan can yake ƙarewa, kuma tunda masaƙun Kakuri suka durƙushe, masaƙar KTL da aka buɗe 1957 ta tsaya a 2002, ga garejojin da masu su suka rasu yara basu gaji sana'ar ba, tsofaffin kayan aiki sai fitowa suke hannun 'yan jari bola. Su kuma kilo suka sani, a ɗora a sikeli a loda a tirela a kai narkawa shikenan. Abinda ke cin raina kenan, bais ɗin da ya girmi ni da kai a sayar dashi kuɗin ƙarfe. Wanda nafi nema shine Record, mai shuɗin fenti, ƙirar Sheffield ta Ingila, sunan a jikinsa yake an zubo shi tare da ƙarfen. Lamba 3 bakinsa inci 4 ne, lamba 6 kuma inci 6, wannan sai ka yi da gaske kafin ka ɗaga shi. Na samu wani lamba 3 da tsatsa ta cinye har hannun baya juyawa, na jiƙa shi da kananzir da baƙin mai, na bi shi da burushin waya, na sa giris, kai ka ga yadda yake tafiya yanzu, yatsa ɗaya ya isa. Sababbin kasuwa kuwa fenti ne kawai, ka ɗan daka guduma baki ya tsage.

To daga nan ne wata sabuwar ta ɓullo. Ina zama wajen masu zubin tukwanen alminiyom ina kallo, sai nace me zai hana in zuba ƙaramin bais wanda zai zauna a tafin hannu. Wani dattijo a cikinsu ya koya min, yashi mai laushi ake haɗawa da yumɓu a ɗan yayyafa ruwa, in ka dunƙula a hannu ya tsaya bai manne maka ba to yayi, in ruwa yayi yawa kuwa ka zuba narkakken ƙarfe tururi zai watso maka shi a jiki, wannan ba wasa. Na sassaƙa samfur da katako, muka danna a yashi, muka zuba. Alminiyom baya wahala, digiri 660 ya narke, gawayi da fanka sun isa, kuma tsohon fistan na mota yafi gwangwanin lemo kyau nesa ba kusa ba, yafi shiga lungu.

Amma ƙananan abu yashi baya fitar dasu da kyau, rubutun jiki duk ya dame. Sai na koma hanyar kakin zuma irin wadda maƙeran Benin ke yi tun kaka da kakanni, ka gina abin da kaki, ka lulluɓe da yumɓu mai laushi, ya bushe sosai, ka gasa kakin ya tsiyaye ya bar gurbi, sannan ka zuba tagulla. Tsofaffin kan famfo nake narkawa, su kuma sai wuta ta haura digiri 900, ga wani farin hayaƙi da yake tashi wanda ba a shaƙa, a fili nake yi. Kowane guda sai ka fasa yumɓun kafin ka ga abinda ka samu, kenan in kana son biyu sai ka gina biyu. Na yi ƙaramar guduma, awartaki, uwar maƙera, duk sun fito. Bais ne mai taurin kai saboda sukurun ciki baya zubuwa, dole na sayi ɗan siririn bol da noti na dasa masa, amma yana buɗewa yana rufewa, har allura yake riƙewa gam.

Yanzu ga roƙona. Wajenku akwai tsofaffin wuraren gyaran jirgin ruwa, in ka ga bais kowane iri ka juya hannunsa ka gani, ka duba bayan baki ko an taɓa masa walda, in akwai walda ka barshi, in babu ka turo min hoto ta WhatsApp mu yi ciniki, a sako min a motar kaya. Ni kuma zan baka ƙaramin na tagulla ka rataya a makullin mota in kazo sallah.

Ka gaida madam da yara, mutanen majalisa duk suna gaisheka.

Naka,
abokinka na Tudun Wada