A kai na'urar sikanin ɗakin jarirai, ba ɗakin awon ciki kaɗai ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan abin da na gani da idona. Cikin hunturun da ya wuce maiɗakina ta haifi bakwaini, wata bakwai da 'yan kwanaki, anka sa shi cikin kwalba da robar oksijin a hanci. Yaron nishi yake, duk numfashin da ya ja sai ka ga ƙirjin ya loɓa tsakanin haƙarƙari, kai ko kallo ba ka iyawa. Likita ya ce sai an yi hoton ƙirji, wato eksire, to injin hoton yana can wani gini, haka nas ta naɗe shi cikin zane da tawul muna bin ta da tulun oksijin cikin wannan iska mai sanyi, munka isa babu wuta munka tsaya jiran janareto, kafin mu dawo jikin yaron ya yi sanyi ƙalau.

Kwana biyu bayan nan wata likita ta zo da 'yar ƙaramar na'ura da ake jonawa da waya, irin dai sikanin da ake yi wa masu ciki. Ta ɗumama man a tafin hannunta, ta zura hannu ta tagar kwalbar ta aza masa ga ƙirji, ko farkawa bai yi ba. Ta nuna min: Baban yaro ka ga layukan nan farare da sunka sauko daga sama zuwa ƙasa, ruwa ne cikin huhu, in huhu na da iska layukan kwance suke. Minti biyar ba a yi ba. Ta ce da na'urar ake gane huhun bakwainin da bai ƙosa ba wanda ke buƙatar maganin safaktan mai taimaka wa huhu ya buɗe, da wanda ruwan haihuwa ne kawai zai bushe da kansa, har iskar da ta tsere ta danne huhu. Kuma sauti take amfani da shi, babu tururin nan na eksire, ko sau nawa za a iya maimaitawa. Wai a Turai tun 2020 ƙungiyar likitocin jarirai masu jinya mai tsanani ta fitar da ƙa'idojin aiki da ita a bakin gado.

Ba ta ɓoye min ba, ta ce eksire na nan da aikinsa, kuma na'urar sai hannun da ya koya, wanda bai iya ba zai karanta ba daidai ba.

Shi ya sa nake roƙon ma'aikatar lafiya ta jihar Sakkwato da masu hali da ke neman inda za su yi sadaka mai gudana, a sayi na'urar nan a ajiye cikin ɗakin jarirai ita kaɗai, ba aro daga ɗakin awo ba, a tura likitoci da nas-nas su koya, har na asibitocin Tambuwal da Gwadabawa da Wurno da ke turo jarirai birni cikin mota.

Yaron yana gida yanzu alhamdulillahi, ya fara zama.

Naku,
Wani uba daga Mabera, Sakkwato